Kwaɗon Kabeji: Daga Lambunan Arewa Zuwa Akushin Ijora

Duk wanda ya san zaman Ijora a birnin Ikko, ya san cewa abu biyu ne ke da tsada a wurin uwargida, watau makamashi da ruwan kirki. Unguwa ce da ke tsakanin tashar jirgin ƙasa ta Iddo da tashar jiragen ruwa ta Apapa, inda direbobi da 'yan dako da 'yan tireda Hausawa ke neman abin sawa a bakin salati. A irin wannan wuri, abincin da ba ya bukatar a hura wuta ya cancanci a dube shi da idon basira. Irin wannan abinci kuwa shi ne kwaɗon kabeji.

Shi dai kabejin da a ke ci a Ikko, galibinsa baƙo ne kamar masu sayar da shi. A kan noma shi a tsaunukan Jos saboda sanyinsu, da kuma fadamun Zariya da Kano lokacin rani, sa'an nan a yi lodinsa a manyan motoci ya yi tafiyar kimanin kilomita 1,000 kafin a sauke shi a kasuwar Mile 12. Daga nan 'yan baro su rarraba shi zuwa Ijora da Zangon Agege da Idi-Araba. Mutanen Ikko sun ga muhimmancin wannan hanya a ƙarshen Fabrairun 1921 da ɗari, watau 2021, sa'ad da fataken abinci da na shanu suka dakatar da kai kaya Kudu na kusan mako guda, kayan miya da ganyaye suka yi tashin gwauron zabo. Dalilin da ya sa kabeji ke jure wannan doguwar tafiya fiye da latas shi ne ganyensa a naɗe ya ke, na waje na kāre na ciki.

To, yaya a ke haɗa shi? Uwargida ta zaɓi kabeji mai nauyi a hannu, wanda in an matsa shi ba ya lotsawa. Ta ɓare ganye biyu ko uku na waje ta zubar, ta raba shi huɗu, ta cire ƙashin tsakiya, ta wanke, ta kife a kwando ya tsane sarai. Sa'an nan ta yanka shi siri-siri da wuƙa mai kaifi, domin dakusasshiyar wuƙa murje ganyen ta ke yi ya fid da ruwa. Rabin kabeji madaidaici ya ishi mutum huɗu, tare da karas biyu a kankare, da albasa ɗaya, da tumatur biyu, da attarugu gwargwadon bakin mutanen gida. A daka ƙuliƙuli kamar cikin tafi biyu ya yi laushi, a zuba man gyaɗa cokali biyu, a matse lemon tsami rabi. Ido ba mudu ba ne, amma ya san ƙima.

Asirin garas-garas ɗinsa kuwa yana ga gishiri. Gishiri yana janyo ruwan da ke cikin ganye, saboda haka in an barbaɗa shi tun da hantsi, kafin azahar kwaɗo ya yi laƙwas ya kwanta cikin ruwa. Sai an zo ci za a sa gishiri da ƙuliƙuli, a juya da sauri, a miƙa. Turawa ma suna da nasu, wanda sunansa ya samo asali daga harshen mutanen Holan, su kan haɗa shi da mayonis irin su Bama. Amma a ɗakin da wutar lantarki ba ta da tabbas, na ƙuliƙuli ya fi kwanciyar rai, don mai mayonis bai kamata ya wuce awa biyu a waje ba cikin zafin Ikko.

Amfaninsa ga jiki ba kaɗan ba ne. Ɗanyen kabeji yana ɗauke da bitamin C, wanda dahuwa mai tsawo ke rage shi, yana kuma da harza mai sauƙaƙa bayan gida. Sai dai fa abin da ba a dafa ba, tsabtarsa ita ce wutarsa. A watan Yuni na 2024 Gwamnatin Jihar Legas ta ba da sanarwar ɓarkewar cutar amai da gudawa, wadda ke yaɗuwa ta gurɓataccen ruwa da abinci. A unguwa irin Ijora Badiya, inda ƙasa fadama ce kuma yawancin gidaje sayen ruwa su ke yi a jarka, wanke ganye da ruwan da ba a san asalinsa ba ƙara masa dauɗa ne. Ruwan gishiri yana fid da tsutsa da ƙasa, amma ba ya kashe dukan ƙwayoyin cuta. Wajibi ne ɗaurayar ƙarshe ta kasance da ruwan da a ke sha, a wanke hannu da sabulu, kada kuma a yanka ganye da wuƙar da ta taɓa ɗanyen nama ko kifi sai an wanke ta. Ƙuliƙulin da ya yi fumfuna, shi ma a zubar.

In an kiyaye waɗannan, cikin minti goma maigida da yara sun sami abin ci da shinkafa da wake, ko gurasa, ko tsire, ba a taɓa kalanzir ba, ba a taɓa gas ba. Rigakafi dai, in ji masu iya magana, ya fi magani.