KIWON TAURARON TEKU: A SAN ABINCINSA KAFIN A SAYE SHI

A ƙasashen Turai da Amurka da Japan akwai wani irin kiwo na sha'awa, watau ajiye halittun teku a gida cikin akwatin gilashi mai ruwan gishiri. Cikin abin da masu wannan kiwo ke so ƙwarai har da tauraron teku. Masu nutso ne ke kamo shi daga tekunan Indonesiya da Filifin da Sri Lanka, a ɗauko shi a jirgin sama. Abin baƙin ciki kuwa, da yawa ba su daɗewa a hannun masu saye.

Tauraron teku ba kifi ba ne, ko da ya ke a ruwa ya ke zaune. Irinsa ya kai kamar 1,900, babu ko ɗaya da ke rayuwa a rafi ko tabki. Yawanci hannuwansa biyar ne, bakinsa na ƙarƙashin ciki. Da ruwan teku ya ke motsa ɗaruruwan 'yan ƙafafunsa, shi ya sa in gishirin ruwa ya sāke farat ɗaya, sai jikinsa ya fara lalacewa.

To, ga irin da aka fi sayarwa. Na farko shi ne Protoreaster nodosus, mai ƙahonni baƙaƙe a baya. Yana da jimiri, yana kuwa cin naman kifi da jatan lande in an ajiye masa. Amma ɓarnarsa kamar ta akuya a lambu: yakan cinye murjani da kawa da soson teku. Ɗan'uwansa mai jajayen ƙahonni, na gaɓar Afirka ta Gabas wajen Kenya da Zanzibar, shi ma haka halinsa ya ke.

Na biyu Fromia, ɗan ƙarami ja. Ba ya taɓa murjani, sai dai ya lashe 'yan ƙananan halittun da ke kan duwatsu. Saboda haka lalle akwatin ya zama ya daɗe da kafawa, duwatsunsa sun yi rai.

Na uku Linckia, shuɗi kamar an tsoma shi a baba, faɗinsa kan kai inci 12. Duk ya fi su kyau, ya kuma fi su wuyar riƙo, don da ƙyar ya ke karɓar abincin hannu. Yakan yi watanni yana ramewa mai shi bai sani ba, sai hannuwansa sun soma guntulewa.

Na huɗu mai tonon rairayi. Yana share ƙasan akwati sarai, amma in akwatin ƙarami ne, nan da nan ya cinye abin da ke cikin rairayin, yunwa ta kashe shi.

Ga sabon shiga, an fi yaba wa wani danginsu mai siraran hannuwa kamar macizai, wanda ke ɓuya da rana, ya fito da dare ya tsince ragowar abinci. Sai dai a guji koren, Ophiarachna incrassata, don yana kama ƙananan kifaye.

Ruwa kuwa sai ya zama da gishiri giram 35 cikin kowace lita, zafinsa digiri 24 zuwa 26. Gishirin miya ba ya yi, sai wanda aka haɗa musamman. In an kawo baƙon tauraro, a riƙa ɗiga masa ruwan akwatin kaɗan-kaɗan cikin mazubinsa har wajen sa'a biyu kafin a saka shi. Maganin kifi mai jan ƙarfe a ciki dafi ne gare shi.

Makiyayi ba ya sayen saniya sai ya san inda za ta yi kiwo. Haka nan mai son tauraron teku, ya fara tambayar abin da ya ke ci. In akwatinsa ba shi da wannan abinci, gara ya haƙura ya riƙe kuɗinsa.