Sauya Fulogin Manyan Motoci da Hannunka: Abin da Masu Jif a Ƙasar Bagudo Ya Kamata Su Sani

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Bagudo, ta haye Kogin Kwara a gadar Tuga, ta ratsa Ka'oje ta nufi Tsamiya da iyakar Jamhuriyar Benin, ya san cewa da zarar an saki babbar hanya an doshi ƙauyukan kan iyaka, to, aikin ƙaramar mota ya ƙare. Da damina taɓo ne, da rani kuwa rairayi da ƙura. Wannan ne ya sa ma'aikatan gwamnati masu fita rangadi, da malaman asibiti masu kai rigakafi, da fataken shanu da na shinkafa suka fi amincewa da manyan jif-jif da a-kori-kura masu injin silinda shida ko takwas. Da yawa daga cikin motocin nan 'yan Kwatano ne, waɗanda suka shigo tun kafin Gwamnatin Tarayya ta hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa a ranar 1 ga Janairu, 2017. Wasunsu sun haura shekara ashirin suna aiki, kuma ba kowane mai mota ba ne zai iya faɗin ranar da aka sauya wa tasa fulogi.

Kafin mu yi nisa, wanda motarsa ke shan gas, watau dizal, wannan bayani ba nasa ba ne. Injin gas ba ya amfani da tartsatsi; abin da ke jikinsa fulogin hita ne, mai ɗumama silinda kafin a tayar. Maganarmu a kan injin fetur take.

A zamanin Peugeot 504, wadda aka fara harhaɗawa a Kaduna a 1975, fulogi huɗu ne a jere, kuma idan ɗaya ya mutu sai mota ta kama karkarwa kamar mai masassara, har yaron mota ya gane. Manyan injinan da ake kira V6 da V8 ba haka suke ba. An raba silindodinsu layi biyu, sun buɗe kamar bakin gwafa, uku-uku ko huɗu-huɗu. Idan fulogi ɗaya cikin takwas ya fara gajiya, sauran bakwai sukan rufa masa asiri. Mota tana tafiya, sai dai ta yi nauyi a hawa, ta riƙa ɗan sheƙa idan tana tsaye, tanki kuma ya riƙa ƙarewa da wuri. Injin da ke juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, kowane fulogi nasa yana kyasta wuta sau 1,500 a cikin mintin nan, kuma duk kyastawar da ta faɗi, man da aka fesa wa silindar ya tafi a banza ta salansa. Ɗanyen man nan har wa yau yana ƙona matatar hayaƙi da ke cikin salansa, wadda kuɗinta ya ninka na fulogi sau da yawa. Tun da aka janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu, 2023, wannan asara ta daina zama abin da ma'aikaci mai dogaro da albashi zai kau da kai a kansa.

Ƙasar kan iyaka kuma tana da nata ƙarin. A watan Nuwamba na 2019 Hukumar Kwastan ta hana kai fetur gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, sai direbobi da yawa suka koma wajen 'yan bumburutu masu sayarwa a jarka da kwalba. Ba duka ne masu algus ba, amma man da ya sha ƙura, ko aka surka shi da kananzir, yana barin baƙin toka a bakin fulogi tun kafin wa'adinsa. Littafin Toyota na motocin da aka sayar a Amurka ya ba fulogin gama-gari kilomita 48,000, mai bakin iridiyom kuwa har 192,000. An yi wannan lissafi ne da titi mai tsabta da mai mai tsabta. Wanda ke zirga-zirga tsakanin Illo da Lolo, a ganina, gara ya duba nasa tun an ci rabin haka.

To, abin da ya kamata mai karatu ya riƙe shi ne, fulogi abu ne mai araha, amma ramin da ake murɗa shi a ciki yana da tsada ƙwarai. Kan injin waɗannan motoci na alminiyom ne, ƙarfe mai taushi, alhali jikin fulogi baƙin ƙarfe ne. Idan aka yi gardama tsakanin su biyu, haƙoran ramin ne za su sha kashi. Ranar da suka zube, ko dai a nemo ƙwararren da zai dasa sabon zobe mai haƙora, ko a sauke kan inji ɗungurungum, kuma aiki irin wannan sau da yawa sai an ja mota zuwa Birnin Kebbi ko Sakkwato. Duk ka'idojin da za su biyo baya, domin kare ramin nan aka yi su.

Aikin yana farawa ne tun a shago. Kada ka ce a ba ka "fulogin jif". Ka je da lambar da ke littafin motarka. Injin V8 mai lita 4.7 na Land Cruiser, wanda aka yi daga 1998 zuwa 2007, tsawon haƙoran fuloginsa milimita 19 ne. Injin V6 mai lita 4.0 da ke cikin Prado da wasu Hilux kuwa, nasa milimita 26.5 ne. Kaurinsu ɗaya, saboda haka kowanne zai shiga ramin ɗan'uwansa ba tare da musu ba, kuma nan ne haɗarin yake. Gajere a dogon rami ba ya kai wuta inda ake bukata, dogo a gajeren rami kuwa yana iya cin karo da fistin. Sa'an nan ga jabu. Kamfanonin NGK da Denso na Japan dukansu sun sha yin gargaɗi game da masu kwaikwayon kayansu. Fulogin iridiyom da aka sallama maka a kuɗin na gama-gari, ko wanda rubutunsa ke gogewa da yatsa, ko wanda wasarsa ke zamewa ta faɗo, ka mayar wa mai shi.

A yi aikin da safe, bayan mota ta kwana ta huce sarai. Wannan ba camfi ba ne: alminiyom mai zafi ya fi saurin sakin haƙoransa. A cire wayar batir ta ɓangaren ragi, a ɗauke murfin roba da bututun iska idan sun tare hanya. A yawancin injinan Toyota na wannan zamani kowane fulogi yana da kwayil nasa a kansa, wanda noti ɗaya mai lamba 10 ke riƙe da shi. Maƙallan wayoyin kwayil roba ce da ta sha zafi shekara da shekaru, ta bushe kamar karan dawa; a danna a hankali, kada a fizga.

Bayan an zare kwayil, kada a yi gaggawar sa sifana. Ramin yana da zurfi, kuma a ƙasar da hunturu ke turnuƙewa da ƙura, ba ya rasa rairayi a gindinsa. Da zarar fulogi ya fita, rairayin nan cikin silinda zai zuba, ya shiga goge bangonta. A busa ramin tukuna, ko da famfon taya ne, ko a roƙi iskar mai faci. Sa'an nan a sa sifanar fulogi mai lamba 16, irin mai roba ko maganaɗisu a ciki, tare da doguwar sanda. Idan ya motsa cikin sauƙi, madalla. Idan ya cije, a tsaya. A ɗan sassauta kaɗan, a ɗiga man warware tsatsa, a ba shi lokaci, sa'an nan a riƙa kai shi gaba ana dawo da shi baya har ya saki. Haƙuri a nan ya fi ƙarfi amfani. A gama da silinda ɗaya kafin a buɗe ta biyu. Wannan ya fi zama tilas ga tsofaffin motoci masu dogayen wayoyi, domin idan wayoyin suka cakuɗe, inji zai yi ta harbi ta salansa, ko ya ƙi tashi sam.

Tsofaffin da aka cire kada a zubar da su nan take. A jera su a kan kwali bisa tsarin da suka fito, domin su ne kaɗai shaidun abin da ke faruwa a cikin inji. Wanda bakinsa ya yi ruwan ƙasa-ƙasa ko ruwan toka, silindarsa lafiya lau. Baƙi busasshe kamar gawayi yana nufin mai ya yi yawa ko iska ta yi kaɗan, kuma a hanyoyinmu matatar iska ce ake fara tuhuma. Baƙi mai maiƙo alama ce man inji yana kutsawa cikin silinda, abin da sabon fulogi ba zai warkar ba. Fari fat mai ƙuraje yana nuna zafi ya wuce kima. Idan kuwa man yana kwance ne a cikin ramin, a saman fulogi, to robar murfin inji ce ta mutu, kuma in ba a sauya ta ba za ta ci kwayil.

Sa sabo shi ne inda hannu ya fi sifana daraja. A duba tazarar bakinsa, wadda a injinan biyu da muka ambata kusan milimita 1.1 ce. Mai iridiyom an riga an daidaita shi daga masana'anta, kuma tsininsa bai kai milimita ɗaya ba, saboda haka ba a tura masa wuƙa ko sukurdireba. Kada a jefa shi cikin rami. A sauke shi da sandar sifana, a murɗa da yatsu kawai, ba tare da mariƙi ba. Wasu kanikawa sukan cusa kansa a guntun tiyo su murɗa da shi, dabara ce mai kyau, domin tiyon zai zame kafin ya yi ɓarna. Fulogin da ya hau daidai yana tafiya sumul har ƙasa. Idan ya yi tauri tun a juyi na ɗaya ko na biyu, ya karkace ne. A dawo da shi a sake.

Wanda yake da sifana mai awon ɗauri, injin 4.7 yana son kimanin 18 a ma'aunin Nm. Wanda ba shi da ita, ka'idar NGK ga sabon fulogi mai wasa ita ce, bayan ya zauna da hannu, a ƙara rabin juyi zuwa kashi biyu cikin uku, kuma galibi an zana adadin a jikin kwalin. Tsohon da aka mayar, wasarsa ta riga ta matse, ɗan taɓi kawai yake bukata. Al'adar nan ta zura bututu a mariƙin sifana domin ƙarin ƙarfi ba ta da wuri a wannan aiki. Haka kuma shafa giris a haƙora: kamfanin NGK da kansa ya hana, domin santsin yana sa a ɗaure fiye da kima ba a sani ba.

Akwai motocin da shawarata ga sabon shiga ita ce ya bar wa bakanike. A wasu Pajero masu V6, sai an ɗauke babban akwatin shigar iska kafin a kai ga fulogi. Highlander da Sienna da Lexus RX injinsu a gicciye yake, ukun gaba a fili, ukun baya a ƙarƙashin akwatin nan. Nan ne ma wasu masu gyara kan sauya uku su karɓi kuɗin shida, saboda haka a nemi ganin tsofaffin duka. Ford F-150 da Expedition masu lita 5.4 na wajen 2004 zuwa 2008 kuwa, fuloginsu na asali haɗin gida biyu ne, ya shahara da karyewa a cikin rami, har sai da aka ƙera wani makami na musamman domin zaƙulo guntun. Mai Dodge Ram ko Grand Cherokee mai injin Hemi 5.7 ya shirya aljihunsa: fulogi biyu ne a kowace silinda, goma sha shida ke nan.

In an gama, a tabbata kowane kwayil ya zauna, kowace waya ta yi ƙas, a mayar da batir a tayar. Idan har yanzu inji yana ɗingishi, na'urar kwamfuta ta kanikawa za ta nuna silindar da ke da laifi da lambobi daga P0301 zuwa P0308, lambar ƙarshe ita ce ta silindar. A musanya kwayil ɗinta da na maƙwabciyarta. Idan ciwon ya bi kwayil ya koma can, an kama mai laifi. A rubuta kwanan wata da kilomitar mota a littafi, musamman motar ofis da ke sauya direbobi. Biyu mafiya kyau daga cikin tsofaffin kuma a naɗe su a tsumma, a ajiye tare da sifanar a ƙarƙashin kujera kafin a sake haye Tuga.