Kunne Ya Girmi Kaka, Amma Shi Ma Yana Tsufa

A gidaje da yawa na garin Minna, daga Limawa zuwa Bosso, daga Tunga zuwa Maitumbi, akwai wata magana wadda kowa ya san da ita amma ba mai iya furta ta, watau jin maigida ya ragu. Matan gida sun sani, 'ya'ya sun sani, har maƙwabta ma sun sani, domin ƙarar rediyonsa takan tsallake katanga tun da asuba. Shi kaɗai ne ba a gaya wa ba. Kunya ta ɗaure bakin ɗa, suruka kuwa ba ta da ta cewa, sai dai kowa ya riƙa ɗaga murya, dattijo kuma ya riƙa zaton raini ne ya shigo gidansa.

Al'amarin ba ƙarami ba ne. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a shekarar 2021 ya nuna cewa mutane wajen miliyan 430 ne a duniya jinsu ya ragu har suna bukatar taimako, kuma cikin waɗanda suka haura shekara 60, fiye da mutum 1 cikin 4 yana da wannan lalura. Amma cikin masu bukatar na'urar ƙara ji, kashi 17 cikin 100 ne kaɗai suke amfani da ita.

Yadda Jin Yake Raguwa

Can bayan dodon kunne akwai wani sashe mai siffar katantanwa, wanda ke ɗauke da 'yan ƙananan ƙwayoyi masu kama da gashi, wajen 15,000 a kowane kunne. Su ne suke karɓar sauti su miƙa wa ƙwaƙwalwa. Idan suka mutu ba su sake tsirowa, kuma waɗanda suke fara mutuwa su ne masu kama siririn sauti, irin na s da sh da f da ts. Saboda haka dattijo yakan ji muryar mai magana sarai, amma kalmomin su cakuɗe masa. A ce fata ya ji sata, a ce tsada ya ji fada. Wannan ne ya sa idan ya ce yaran yanzu ba su buɗe baki in suna magana, iyakar gaskiyarsa ke nan. Kuma da yake abin a hankali yake zuwa, shekara da shekaru, mai shi ne yakan zama na ƙarshen lura.

Ban da shekaru, ƙara tana da nata hannun. Minna gari ne da ya bunƙasa a kan hanyar jirgin ƙasa ta Baro zuwa Kano wadda aka gama a 1911, kuma har yau akwai dattawan da suka ƙare ƙuruciyarsu a gefen injin jirgi. Akwai kuma masu injin niƙa, da maƙera, da masu walda, da direbobin manyan motoci, da 'yan kasuwar da suke wuni kusa da janareta. Masana sun ce ƙarar da ta kai awo 85 na desibel, in mutum ya riƙa wuni cikinta awa 8 kullum, tana lalata ji. Haka nan wasu magunguna, kamar allurar jentamaisin da ta sitireftomaisin da kuma kwinin, suna iya taɓa kunne. Sanƙarau yakan bar kurumta, zazzaɓin Lassa ma yakan taɓa jin kamar mutum 1 cikin 4 na waɗanda suka tashi daga gare shi.

Sai dai kuma wani lokaci dalilin ɗan ƙarami ne. Dauɗar kunne takan taru ta daskare ta toshe hanya, musamman ga tsofaffi da masu sosa kunne da gashin kaza ko tsinken ashana, waɗanda suke ƙara tura ta ciki. Irin wannan ma'aikacin lafiya yakan wanke shi a zama guda, ji ya dawo. Ashe ke nan wani dattijon yana iya shekara cikin wahala a kan abin da za a raba shi da shi kafin azahar, don kawai ba a sami mai yi masa magana ba.

Abin Da Shiru Yake Jawowa

Dattijon da ba ya ji sosai yakan gaji da cewa "na'am?", sai ya koma gyaɗa kai. Nan haɗarin yake. Yana iya gyaɗa kai a maganar auren 'yarsa, ko cinikin gona, ko rabon gado, alhali bai ji rabin abin da aka faɗa ba. Likita ya ce ƙwaya ɗaya sau biyu, shi kuwa ya ji wani abu dabam. Mai babur ya yi masa oda a kan titin Bosso bai ji ba. A masallaci kabbarar liman ta wuce shi. Sannu a hankali sai ya janye daga majalisar abokansa, ya daina zuwa suna da ɗaurin aure, mutane su ce girman kai ne, ko kuwa su ce rikicin tsufa ya kama shi.

Wannan kaɗaici yana da illa ga ƙwaƙwalwa. Wani kwamitin masana na mujallar likitoci ta Lancet da ke Ingila, a rahotanninsa na 2020 da 2024, ya sa raunin ji cikin manyan abubuwan da suke ƙara haɗarin cutar mantuwa, waɗanda kuma ana iya yin wani abu a kansu.

Wa Zai Yi Maganar, Kuma Ta Yaya?

Al'adar da ta hana ɗa yi wa uba gyara, ita ce kuma ta buɗe wasu ƙofofi. Ta farko ita ce ta aboki. Abin da dattijo ba zai karɓa daga bakin ɗansa ba, yakan karɓa daga tsaransa da suka tashi tare, ko daga liman, ko daga ƙanwarsa. Ta biyu ita ce ta jika. Wasan da ke tsakanin kaka da jika ya ba yaro damar faɗin abin da ubansa ba zai iya ba, a yi dariya, amma magana ta shiga. Daga nan sai babba ya biyo baya da natsuwa.

In kuwa ɗan ne zai yi maganar da kansa, to, ya zaɓi lokacin da babu baƙi, babu surukai, an kashe rediyo da talabijin. Ya zauna ƙasa inda haske yake a fuskarsa, domin mai raunin ji yana taimakon kunnensa da kallon leɓe. Kada kalmar kurma ta fito daga bakinsa ko da wasa. Magana zarar bunu ce, kuma wannan kalma ita kaɗai tana iya rufe zancen har abada. Kada kuma ya kawo jerin laifuffuka. Gara ya kama abu guda wanda dattijon yake ƙauna, alal misali ya ce: "Baba, na ga tafsirin bana kamar bai isa gare ku sosai ba. Ko za ku yarda in raka ku a duba kunnen, wataƙila dauɗa ce kawai?" Ga mahaifiya kuma: "Inna, jikokinki suna kira a waya suna son hira da ke, bari mu je a duba mana."

Tsawa ba ta da amfani ko kaɗan. Addini ya hana yi wa iyaye ita, likitoci kuma sun ce tana ƙara dagula kalmomi, har takan yi wa kunnen da ya raunana zafi. Abin da ya fi shi ne a kira sunan girmamawa tukuna har ya juyo, sa'an nan a yi magana dalla-dalla. In bai gane ba, a sake faɗa da wasu kalmomi. Kalmar da ta fi ci wa tsoho rai ita ce "bar shi kawai, ba komai", domin ma'anarta an fitar da shi daga hira. Idan ya ƙi zancen asibiti a karo na farko, a ƙyale shi, a sake ɗaukowa bayan kwana biyu. Sannu ba ta hana zuwa.

Inda Za A Nufa

Mutumin Minna yana iya farawa daga Babban Asibitin Minna ko Asibitin Ƙwararru na IBB, ya nemi ganin mai duba kunne, hanci da maƙogwaro. Akwai kuma Cibiyar Kiwon Lafiya ta Tarayya a Bida, sa'an nan ga Cibiyar Kula da Lafiyar Kunne ta Ƙasa da ke Kaduna, wadda aka kafa a 1999 musamman domin wannan aiki. Gwajin ji ba allura ba zafi: za a sa wa mutum abin sauraro a kunne, ya riƙa ba da alama duk lokacin da ya ji sauti. A tafi da duk magungunan da yake sha, a kuma faɗi irin aikin da ya yi a rayuwarsa.

Akwai alamun da ba a jira da su. Idan ji ya ɗauke farat ɗaya, ko kunne guda ne kawai ya daina ji, ko yana zubar da mugunya, ko akwai jiri mai tsanani, to, a garzaya asibiti ran nan, kada a tsaya ɗiga mai ko ruwan ganye.

Idan an rubuta na'urar ƙara ji, iyali su sani cewa daidai da awon kunnen mutum ake saita ta, kamar yadda ake yanka tabarau. Wadda aka saya a kasuwa ba gwaji takan ƙara hayaniya ne kawai, daga baya ta ƙare a ƙarƙashin matashi. Ko ta gaskiyar ma tana bukatar makonni kafin a saba da ita, da batir ko caji, da tsabta. Ya kamata a sami mutum guda a gida wanda zai ɗauki wannan nauyi. Dattijon da ba ya jin kunyar sa tabarau don karatun Alƙur'ani, in an bi da shi ta hanyar da ta dace, ba zai ƙi abin da zai mai da shi majalisar abokansa ba.