Minti 15 a gaban alƙalan tsirrai



Duk shekara idan lokacin zafi ya yi a nan Amurka, ƙungiyar masana tsirrai da ake kira Botanical Society of America, wadda aka kafa tun 1893, takan yi babban taronta, bana a wannan gari, baɗi a wancan. Manyan farfesoshi na zuwa, amma in ka leƙa ɗakunan taron za ka ga da yawa cikin masu tsayawa su yi bayani ɗalibai ne, masu digiri na biyu da na uku, har da 'yan digiri na farko kamarmu. Kowa ana ba shi kimanin minti 15, a ciki zai gabatar da bincikensa, a ciki kuma za a yi masa tambayoyi. Wasu kuma fosta suke kawowa, su tsaya a gefenta kamar mai tsaron tireda, duk wanda ya zo wucewa su yi masa bayani.

A cikin masu sauraro akwai alƙalai zaune da takarda da biro. Ranar rufe taro sai a kira sunayen ɗaliban da suka fi iya gabatar da aikinsu, a ba su kyauta. Kuɗin ba wani abin a zo a gani ba ne, 'yan ɗaruruwan daloli ne, wani lokacin ma ko kuɗin jirgi da otal ba za su mayar maka ba. Amma sunan kyautar yana bin ka a takardar neman aiki da ta neman tallafin karatu, kuma mutanen da za su ɗauke ka aiki nan gaba suna cikin ɗakin suna kallonka.

Ɓangarori da yawa na ƙungiyar suna da tasu kyautar, galibi da sunan wani masani da ya shuɗe. Wadda ta fi jan hankalina ita ce ta Katherine Esau, da aka fara a 1985 da kuɗin da ita kanta ta bayar. Ana ba ɗalibin babban digiri da ya fi kowa gabatar da bincike kan ginin jikin tsiro da yadda yake girma.

Ku ji wace ce matar nan. An haife ta a 1898 a garin da yanzu ake kira Dnipro a Yukren, cikin wata al'umma ta Kiristoci masu jin Jamusanci da ke zaune a daular Rasha, wato ita ma 'yar zango ce a inda aka haife ta. Mahaifinta ya taɓa riƙe magajin garin. Da juyin juya hali ya zo, iyalin suka tsere zuwa Jamus, ta ci gaba da karatun noma a Balin, sannan a 1922 suka ƙaura Kalifoniya. Ta kama aiki da kamfanin sukari na Spreckels, inda ake fama da wata cutar bairas da ke nannaɗe ganyen tushen bit, wanda ake samun sukari daga gare shi kamar yadda ake samu daga rake. Wani ƙaramin ƙwaro mai tsalle ne ke yaɗa cutar. Da farko aikinta shi ne samar da irin da cutar ba ta kayar da shi, amma sai tambayar ta koma: ta wace hanya cutar ke bi a cikin jikin tsiron? Ta shafe shekaru tana yanka ganye da saiwa sirara-sirara tana dubawa a madubin ƙara girma, har ta nuna cewa cutar tana bin jijiyoyin da ke kai abinci daga ganye zuwa sauran jiki. Ta sami digirin dakta a 1931. Littafinta mai suna Plant Anatomy da ya fito a 1953 shi ne ya koyar da masana tsirrai na zamani guda. A 1989 Shugaba Bush babba ya ba ta lambar yabo ta ƙasa kan kimiyya, ta rasu a 1997 tana da shekara 99. Baƙuwa ce da Turanci ba shi ne harshenta na farko ba, kuma da ta tashi barin wani abu a baya, kyautar iya bayani ta bari.

Akwai kuma kyautar Isabel Cookson, tun 1976, ta masu nazarin tsirran da suka zama dutse. Cookson 'yar Ostareliya ce, kuma ɗaya daga cikin tsirrai mafi daɗewa da aka sani a doron ƙasa, mai shekara sama da miliyan 400, sunanta aka sa masa, Cooksonia. Masu nazarin gado da na gansakuka su ma suna da nasu.

To me alƙalan ke nema? Nan ne mutane ke kuskure. Ba wanda ya gano abu mafi girma ake ba ba, don ɗalibin da ya shekara biyu a ɗakin gwaji bai isa ya girgiza duniya ba. Ana duba ko tambayarka a fili take, ko hanyar da ka bi za ta iya amsa ta, ko hotunanka da jadawalinka ana iya karanta su daga kujerar baya, ko ka tsaya cikin lokaci. Sai kuma tambayoyi. A nan ake gane wanda ya yi aikin da hannunsa da wanda ya haddace abin da malaminsa ya rubuta masa. Akwai tambaya ɗaya da ke kayar da mutane da yawa, ko da an lulluɓe ta da ladabi: to, sai me?

Bari in ba da misali da abin da iyayenmu suka sani sarai. Ku tambayi Baba ko Kaka mene ne ƙuduji, wasu su ce wuta-wuta. Ciyawa ce mai fure ja-ja mai kyau, amma tana manne wa saiwar dawa da gero tana tsotse ruwa da abinci, kafin ta leƙo saman ƙasa ta riga ta gama da gonar. Irinta kamar ƙura yake, yana iya kwanciya a ƙasa sama da shekara 10, ba zai tsiro ba sai ya ji wani sinadari da saiwar shuka ke fitarwa. A 1966 aka fara ware sinadarin daga saiwar auduga. Ka ce wani ɗalibi ya tsaya yana bayani a kansa a lokacin, wa zai saurara? Sai a 2005 masana a Japan suka gano cewa shuka tana fitar da shi ne don ta kira wasu nau'in naman gwari na cikin ƙasa da ke taimaka mata samun sinadarin fosfaras, ƙuduji kawai satar ji yake yi. A 2008 kuma ƙungiyoyi biyu, ɗaya da shinkafa ɗaya da wake irin na Turawa, suka nuna cewa wannan sinadarin ne ke hana tsiro yawan fitar da rassa. Gebisa Ejeta, ɗan Habasha da ke jami'ar Purdue, ya ci kyautar abinci ta duniya a 2009 saboda dawar da ke jure fari da ƙuduji. Ɗalibin da zai iya ɗaukar ɗan guntun aikinsa ya nuna inda ya shiga cikin wannan doguwar sarƙa, cikin minti 12, ba tare da ya cika baki ba, shi ne yake tafiya da kyautar.

Ba wai tsarin ba shi da aibi ba. Wanda ya fito daga babban ɗakin gwaji mai kuɗi yana zuwa da hotuna masu ɗaukar ido, kuma an sa shi ya maimaita jawabinsa sau biyar a gaban abokan aiki. Wanda harshensa ke da nauyi a Turanci yakan sha wahala a lokacin tambayoyi ko da ya fi kowa sanin aikin. Sannan sai ka halarta kafin a saurare ka. Ɗalibin da ke aikin ƙuduji a Samaru ta Zariya ko a Maraɗi, wanda yake ganin ciyawar da idonsa kullum, sai ya nemi biza da kuɗin jirgi. A watan Yuni 2025 ma gwamnatin Amurka ta sa Chadi da Sudan cikin ƙasashen da ta rufe wa 'yan ƙasarsu ƙofa.

Mu da muka tashi a nan wannan shingen bai tare mu ba. Namu shingen a falon gida yake. Ka ce wa Mama ilimin tsirrai za ka karanta, wallahi kallon da za ta yi maka ya isa: "Mun baro gona mun zo nan, kai kuma gona za ka koma?" Likita, injiniya, lauya, shi ke nan jerin. Ban ga laifinsu ba, sun sha wahala. Amma abin da alƙalan nan ke aunawa mun daɗe muna yin sa. Wanene a cikinmu bai taɓa zama tafintan iyayensa a asibiti ko a makaranta ba tun yana ɗan shekara 10, yana juya maganar likita zuwa Hausar da Kaka za ta gane, ya kuma amsa tambayar da ba a shirya masa ba?

Ga wanda yake sha'awa: ba sai ka kai babban digiri ba. Ɗaya ƙungiyar, American Society of Plant Biologists, wadda ta faro a 1924, tana da tallafin bincike na hutun zafi ga 'yan digiri na farko, waɗanda suka samu kuma sukan kai fostarsu babban taronta. Ka nemi malamin da ke da ɗakin gwajin tsirrai a makarantarku tun zangon sanyi, don tsakuren bincike watanni kafin taro ake turawa. Kuma lokacin turawa ka duba fom ɗin da kyau, galibi sai ka nuna da kanka cewa kana son a saka ka cikin gasar kafin alƙalai su zo ɗakinka.