Tsufa a Bayan Ganuwa

Turawa sun shiga Katsina cikin shekarar 1903. Ba su zauna cikin birni ba, sai suka yanki fili a bayan ganuwa suka kafa barikinsu, watau wurin da ake kira GRA yanzu. Gidajen nesa da juna aka yi su, kowane da fili mai faɗi da itatuwa. Amma ka lura da abu guda. Waɗanda aka gina wa gidajen nan ba su tsufa a cikinsu. Razdan ko Di'o, in ƙarfinsa ya soma raguwa, sai ya karɓi fensho, ya shiga jirgi ya koma Ingila.

Yau kuwa 'yan ƙasa ke zaune a wurin, da yawansu har sun yi furfura. To, ga inda maganar take.

Dubi tsohon da ke Rafindadi ko Gambarawa. Yana da zaure, yana da dakali, masallaci kuwa taki kaɗan ne. In aka yi sallar asuba ba a gan shi ba, kafin hantsi an aiko yaro ya ji ko lafiya. Ɗan'uwansa na GRA fa? Katanga doguwa, ƙofar ƙarfe, sai maigadi. 'Ya'ya suna Kaduna ko Abuja wurin aiki. Yana iya faɗuwa a makewayi da safe, ba wanda zai sani sai azahar.

Kada ka raina faɗuwar nan. Likitocin Hukumar Lafiya ta Duniya sun ƙididdige, cikin mutum uku da suka wuce shekara 65, wajen ɗaya yakan faɗi kowace shekara. Ƙashin tsoho kuwa ba kamar na yaro ba ne. In na ƙugu ya karye, sau da yawa kwanciya ke nan, daga kwanciya sai gyambon baya da ciwon haƙarƙari. Abin mamaki, daɓen tayil da muke alfahari da shi ya fi daɓen ƙasa na kakanninmu kā da mutum, balle in ruwan alwala ya zuba.

Saboda haka in mahaifinka yana irin gidan nan, ka sauko da shi daga bene, ka ba shi ɗaki a ƙasa kusa da makewayi. A kafa ƙarfen dafawa a bango, a sa kujerar wanka, a ajiye tocila kusa da matashinsa domin daren da aka ɗauke wuta. A sami wani, ɗa ko jika, mai kwana inda zai ji kiransa.

Sa'an nan a riƙa auna jininsa. Hawan jini ba ya sallama. In awo ya kai 140 bisa 90 ya tsaya nan, a kai shi asibiti tun ɓarin jiki bai shanye ba. Da bazara kuma a riƙa miƙa masa ruwa ko bai nema ba, gama tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri.

Saura kai ma'aikaci da ke zaune a gidan gwamnati. Galibin ma'aikata ana sallamarsu in sun cika shekara 60 da haihuwa, ko 35 a bakin aiki, gidan kuwa sai a karɓe. In za ka sayi fili tun yanzu, ka auna tsakaninsa da masallaci da asibiti da gidan danginka da ƙafa, ba da mota ba.