Toshewar magudanar ruwa, bola da hayaniya: Ina ya kamata mazauna unguwa su kai ƙorafi?

Da zarar damina ta kankama, koke-koke iri ɗaya ake ji a biranen Najeriya: kwata ta toshe, bola ta cinye hanya, ruwa ya kwanta a ƙofar gidaje har sauro ya samu wurin hayayyafa. Da yawa daga cikin waɗannan koke-koke a bakin shago ko a Facebook suke ƙarewa, alhali doka ta fayyace wanda ke da alhakin gyara.

Jadawali na huɗu na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ɗora wa ƙananan hukumomi 774 na ƙasar nan nauyin ginawa da kula da titunan cikin gari, fitilun kan titi da magudanun ruwa. Haka kuma kwashe shara, banɗakunan jama'a, kasuwanni, tashoshin mota, mayanka da maƙabartu duk suna cikin aikinsu. Saboda haka mai kai ƙorafi kan ɗaya daga cikin waɗannan haƙƙinsa yake nema.

Sai dai ba kowace matsala ce ta ƙaramar hukuma ba, kuma a nan ne koke da yawa ke ɓata. A wasu manyan birane hukumomi na musamman ne ke kwashe shara, kamar LAWMA a Legas, REMASAB a Kano da AEPB a Abuja. Gyaran titin gwamnatin tarayya aikin hukumar FERMA ne, yayin da wayar lantarki da ta faɗi ko taransifoma da ta lalace ke hannun kamfanin rarraba wutar yankin.

Idan damuwar daga maƙwabci ta taso, kamar masai da ta cika tana malala kan hanya, ko kiwon dabbobi da warinsa ya addabi jama'a, sashen lafiyar muhalli na ƙaramar hukuma ake nufa. Jami'ansa, waɗanda aka fi sani da duba-gari, suna da ikon duba wurin, su bai wa mai shi takardar gargaɗi da wa'adin gyarawa, su gurfanar da shi a kotu idan ya ƙi. Ƙarar janareta, injin niƙa ko lasifika da ta wuce kima ma tana da doka: hukumar NESREA na da ƙa'idojin taƙaita hayaniya tun 2009, a Legas kuma hukumar LASEPA kan rufe wuraren da suka karya doka.

Kafin a kai ga hukuma, ya fi dacewa a fara da magana ta fahimta, sannan a sanar da mai unguwa, ko Sarkin Hausawa a garuruwan kudu, domin zaman tare ya fi ƙarfin rigimar kwata. Idan hakan bai yi ba, sai a rubuta takarda zuwa ga shugaban ƙaramar hukuma, a bai wa kansilan mazaɓa kwafi. Takardar ta ambaci sunan layi, alamar da za a gane wurin, tun lokacin da matsalar ta fara da irin cutarwar da take yi, tare da hotuna. A tabbatar an buga hatimin karɓa a kan kwafin da za a riƙe. Takardar da magidanta da dama suka sa wa hannu ta fi wuyar jefawa a kwandon shara.

Idan aka yi shiru, akwai Hukumar Karɓar Ƙorafe-ƙorafen Jama'a, wadda aka kafa a 1975, tana kuma sauraron koke kan hukumomin gwamnati kyauta. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta tanadi a amsa buƙatar bayani cikin kwana bakwai.

Batun ya ƙara nauyi tun ranar 11 ga Yuli, 2024, lokacin da Kotun Ƙoli ta yanke hukuncin cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kasonsu kai tsaye daga asusun tarayya. Wannan ya bai wa jama'a ƙarin hujjar tambayar inda kuɗin gyara ke tafiya. Amma su ma mazauna unguwa da nasu nauyin, domin magudanar da aka yashe yau za ta sake toshewa matuƙar ana ci gaba da zuba mata leda da shara.