Furen Garehul Da Cinikin Turare: Ina Ribar Take Ga Manoman Lemo?

JALINGO — A unguwar Turaki ta birnin Jalingo, kamar sauran garuruwan Arewa, da wuya a haɗa lefe ko a yi suna ba tare da an sayi humra da turaren wuta da madarar turare ba. Sai dai akasarin madarar da 'yan turare ke aunawa cikin ƙananan kwalabe daga ƙasashen waje take zuwa, da kuɗin musaya ake sayo ta, kuma tun da Babban Bankin Nijeriya ya saki farashin Naira a watan Yunin 2023 tsadarta ta ƙara yi wa masu ƙaramin jari nauyi. Daga cikin ƙamsassan da ake rubutawa a jikin irin waɗannan kwalabe akwai na furen garehul, wato babban lemon nan mai ɗan ɗaci. Tun da yake Jihar Taraba na maƙwabtaka da Jihar Binuwai, wadda ta yi fice wajen noman lemo a ƙasar nan, ba abin mamaki ba ne ɗan kasuwa ya tambayi kansa ko za a iya tatsar wannan ƙamshi a gida.

Shi dai garehul ba tsohon itace ba ne. A tsibirin Babados ya samo asali sakamakon barbarar lemon zaƙi da wani babban lemo na Asiya mai suna pomelo, kuma a 1750 aka fara bayaninsa a rubuce. Man da masana'antar turare ke samu daga gare shi kuwa daga ɓawo ake matse shi, ba tare da an ɗora a wuta ba. Kimanin kashi 90 cikin 100 na man wani sinadari ne mai suna limonin, wanda ake samu a ɓawon kowane lemo, yayin da ƙamshin da ya bambanta garehul da 'yan'uwansa ke fitowa daga wasu sinadarai 'yan kaɗan, musamman nutkaton.

Abin da ake kira "furen garehul" a kwalabar turare, mafi yawan lokaci haɗi ne na ɗakin bincike. Manyan kamfanoni irin su Givaudan na Suwizalan da IFF na Amurka da Symrise na Jamus suna da na'urorin da ke kama iskar da ke kewaye da fure tun yana kan reshe, su tantance abin da ke cikinta, sa'an nan masu haɗa turare su sake gina ƙamshin da man ɓawo da man furen lemo da sinadaran da aka ƙera. Wannan ba ha'inci ba ne, al'adar sana'ar ce. Amma yana nufin wanda ya dasa garehul da fatan sayar da furensa ba zai tarar da tsayayyar kasuwa tana jiransa ba.

Furen da ke da kasuwa ta gaske shi ne na lemo mai ɗaci, wanda ake tatsar man neroli daga gare shi. Tunisiya, musamman yankin Nabil, da Maroko da Masar su ne ke kan gaba. Da hannu ake tsinke furen a 'yan makonnin da itacen ke huda, a hanzarta kai shi tukunyar tururi kafin ya yanƙwane, kuma sai an tara kusan tan guda na fure kafin a sami kilo ɗaya na mai. Ke nan tsadar neroli ta leburanci ce da ƙarancin lokaci. Wanda ya kafa tukunya saboda fure kaɗai zai bar jarinsa a kwance fiye da wata goma a shekara, alhali kuɗin ruwan banki ba ya hutu.

Ɓawo da ganye sun fi dacewa da halin da manoman yankin nan ke ciki. A ƙasar Faraguwai ƙananan manoma sun shafe fiye da shekara ɗari suna dafa ganye da ƙananan rassan lemo mai ɗaci cikin tukwane marasa tsada, suna fitar da man da ake kira fetigiren, har ƙasar ta zama babbar mai sayar da shi a duniya. Ganye na nan kusan duk shekara, man kuma ba shi da nauyin dakon da ke cinye ribar ɗanyen lemo a kan munanan hanyoyi. Shi kuwa man ɓawo, rarar masana'antar ruwan lemo ne: inda babu masana'antar da ke matse lemo da yawa a wuri guda, ɓawon na warwatse ne a kasuwanni da tashoshin mota, tattara shi kuma ya fi ƙimarsa tsada.

Akwai giɓi a kasuwar duniya. Jihar Fulorida ta Amurka, wadda ta taɓa zama cibiyar noman garehul, ta girbe sama da akwati miliyan 40 a kakar 2003/2004, amma bayan guguwoyi da ɓullar cutar lemo da ake kira girinin a 2005, girbin ya faɗo ƙasa da akwati miliyan 2 a kakar 2022/2023. Sai dai kamfanonin turare ba su zauna jiran sababbin manoma ba, domin suna ƙera nutkaton daga wani sinadari na man lemon zaƙi. Bugu da ƙari, ba sa sayen mai sai da takardar gwaji da ke nuna abin da ke cikinsa, da tabbacin cewa na bana zai yi daidai da na bara.

Saboda haka kasuwar cikin gida ta fi kusa da hannu. Turaren Bint el Sudan, wanda kamfanin W.J. Bush na Ingila ya fitar a 1920, kamfanin Gongoni ya daɗe yana ɗura shi a Kano, amma madararsa daga waje ake kawo ta. Haka abin yake ga masu haɗa humra da masu yin sabulu da man shafawa. Waɗannan su ne za su fara sayen man lemo na gida in an same shi da inganci da farashi mai sauƙi.

Mai niyyar shiga wannan sana'a zai buƙaci ingantaccen iri, wanda Cibiyar Binciken Kayan Lambu ta Ƙasa, NIHORT, da aka kafa a Ibadan a 1975, ke aiki a kansa, sa'an nan ya yi rajistar kayansa da Hukumar NAFDAC, wadda tun 1993 take sa ido kan kayan shafe-shafe. Ya kuma kula da cewa man ɓawon da aka matse a sanyi na iya ƙona fata idan an shafa shi da yawa aka shiga rana, abin da ya sa ƙungiyar masu turare ta duniya, IFRA, ta ƙayyade yawansa a cikin kayan da ke zama a jiki.